Tsallaken Kwata

Tsakanina da Didam kwata ce kawai,
ko yaro ya tsallake ta da taku guda.
Ni ina walda, shi yana aski.
Kakuri ɗaya, layi ɗaya,
ruwan sama ɗaya ke dukan kwanon shagunanmu,
amma ba kuɗi ɗaya muke biya ba na wuta.

Wata Laraba suka zo a farar mota,
suka ɗaga kai suna bin waya da ido
kamar masu duban wata.
Suka ce ɓangarena ya hau Rukunin A.
Na ce madalla, ashe ƙarin girma na samu.
Sai da na sayi kati na gane
girman ba nawa ba ne, na mita.

Dubu goman da kan kai ni Juma'a
yanzu Talata ma da ƙyar take gani.
In kunna inji, ƙarfe ya fara tartsatsi,
lambobi su kama gangara
kamar ruwa a hujajjen bokiti.
Ido ɗaya kan aiki, ɗaya kan bango,
har ƙofar Hajiya Uwani na haɗa a karkace,
da kuɗina na sake ta.

Didam nasa da araha, ban musa ba,
abin da ya biya sau ɗaya, ni sai na ninka uku.
Sai dai arahar kayan da babu a kasuwa ce:
sa'a huɗu, in ya yi sa'a,
su ma da tsakar dare,
lokacin da kawunan da zai aske ke kan matashi.
Ya taɓa barin wani ango da rabin kai,
janareto na tari, ango na duba agogo,
mu muna dariya, shi yana share fuska da ƙyallen askinsa,
ga motar abokai a bakin titi, an ƙi kashe ta.

Ƙanena Tanimu yana Rigasa.
Su ba mita, sai takardar ƙiyasi.
Taransfomarsu ta ƙone tun farkon damina,
gida gida ake karo-karo,
amma takarda ba ta taɓa ɓatan hanya ba,
duk ƙarshen wata tana maƙale a ƙyaure,
da fitilar waya yake karanta ta.

Surukina ya kira daga Kano, nasu lissafin daban.
Wanda ke Legas ya faɗi nasa, shi ma daban.
Kowane kamfani da mudunsa.
To ni abin da ke ɗaure mini kai:
kogin nan da nake hayewa ta gada kullum
shi ke gangarawa Shiroro ya juya musu inji.
Ya wuce ta ƙarƙashinmu kyauta,
ya dawo ta samanmu da farashi kala-kala.
A ina a hanya ya koyi bambanta maƙwabta?

Babana a masaƙa ya tsufa.
Jiniya ke tada unguwar nan kafin zakara.
Yau ciyawa ta kai tagogin,
in na wuce nakan rage sauri.
Ba na so shagona ya bi sahunta.

Mai saye ya ce, “Malam Barau, a Panteka an yi mini ƙasa da haka.”
Na ce je ka, ƙarfen ɗaya ne,
ka tambaye su wace waya ke shayar da su.
Ya tafi. Bai dawo ba.

Da la'asar Didam kan tsallako
da askarsa biyu ta caji a aljihu,
ya soka su a bangona, ba ya ko tambaya.
Ran Asabar ya aske ni da yarana uku,
ba na ko taɓa aljihu.
Wannan farashin mu muka yanka,
ba wanda ya zo a mota ya rubuta.

Yanzu ƙarfe tara. Mita ta fara kuka,
saura yunit goma sha ɗaya,
ga tagogin makaranta shida gobe.
Na kashe fanka, na kashe ƙwan waje,
na ja benci bakin kwata inda iska ke bi.
Can tsallake duhu ne, Didam na jiran a kawo.
Nan akwai ta, ni na hana kaina ita.